Zuwa ga Rahila, kafin ki hau Tingilin

Mora, ranar Talata

Rahila 'yata,

Ina gaishe ki da gaisuwar uba, ina fatan idonki zai sauka kan takardar nan kina cikin ƙoshin lafiya, gajiyar mota ta sake ki. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki a Garwa, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da aka tura ki koyarwa. Na ba gwaggonki takardar na ce ta cusa miki a jaka ƙarƙashin zannuwa, kada ta ba ki a hannu. Na san halinki, da a tsakar gida za ki buɗe ki karanta kina duban fuskata, ni kuwa akwai maganar da ba na iya yi ana kallona. Da Hausa na rubuta, don yarenmu na kan dutse ban taɓa koyon rubuta shi ba, Faransancina kuma na bakin hanya ne. Ke malama, da kin tsaya gyara mini kuskure har ki manta da abin da nake faɗa.

Ran Lahadi muna dawowa daga majami'a kika ce mini malaman makarantarku suna da ƙungiya, duk ƙarshen wata sukan hau dutsen Tingilin, har kin ce a sa sunanki. Kika ce, "Baba, ai can ka yi aiki. Yaya hanyar take?" Na ce miki dutse ai dutse ne, na wuce ɗaki. Na ga yadda kika bi ni da kallo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kai baƙi kan dutsen nan, a Garwa na auri mamanki, a can aka haife ki, amma tun da muka dawo Mora kina 'yar shekara uku ban taɓa zaunar da ke na ba ki labarin garin ba. Yau zan ba ki. Yawancinsa labarin wautata ne, ki yi haƙuri da shi.

Na sauka Garwa ina saurayi, na kama dako a tasha. Wata rana wani dogon Bafulatani ya tsaya yana kallon yadda nake hawa saman mota da buhu a kafaɗa. Da na sauko ya ce, "Kai ɗan dutse ne ko?" Na ce e. Ya ce, "Zo mu je, ina da aikin da ya fi wannan dacewa da ƙafarka." Sunansa Hamadu. Sana'arsa kai Turawa da ma'aikata 'yan kudu yawon duwatsu da bakin kogi. Ya girme ni sosai, shi ya sa nake ce masa Yaya. Ya ba ni ɗakin zaure a gidansa da ke unguwar Fulɓere, na zauna nan har na yi aure. Shi Musulmi, ni Kirista, amma ran Lahadi shi ke buga mini ƙofa yana cewa in tashi, kada fastonmu ya ce shi ya lalata ni.

Ranar da ya fara nuna mini Tingilin daga bakin titi, dariya na yi. Samansa a shafe yake kamar tebur. Na ce masa a wajenmu awaki ma suna hawan wanda ya fi wannan. Bayan mako guda, a tsakiyar watan huɗu, lokacin da ko inuwa zafi take yi a Garwa, na tashi ni kaɗai ban gaya wa kowa ba, don in dawo in ce na hau na sauko kafin azahar. Rana ta riga ta ɗaga lokacin da na isa gindinsa. Kwalbar ruwa ɗaya ce a hannuna, a ƙafata kuma sabon takalmi da na saya don in yi kama da mai jagora. Hawa bai ba ni wuya ba. Saukowa ce ta kunyata ni, don daga sama duk kwazazzaban kamanninsu ɗaya, na bi wanda ba shi ba. Ruwa ya ƙare. Takalmin ya saɓule mini fatar dunduniya, na cire shi, dutse ya ƙone mini tafin ƙafa, na mayar. Daga ƙarshe na kwanta a gindin wata tsamiya, harshena ya bushe ya manne, ko kira ba na iya yi.

Wata dattijuwa mai neman itace ce ta tsince ni, 'yar ƙauyen da ke gindin dutsen. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta jiƙa bakin zanenta ta shafa mini a kai da wuya, sannan ta riƙa ba ni ruwa daga gora kaɗan kaɗan, in na kai hannu zan kwankwaɗa sai ta janye. Ta warware tsumman gammonta ta ɗaure mini ƙafafu, ta ɗora takalmin a kan itacenta, na bi ta a baya ina ɗingishi har ƙauye. Da na koma gida Yaya Hamadu ya duba ƙafafun, ya sa aka kawo man shanu, ya ce, "Dutsenku yana da iska da inuwa. Namu murhu ne. Da ka tambaya da na gaya maka."

To, ke ki tambaya. Kada ki ce ke 'yar Mora ce, kin tashi a cikin duwatsu. Ku kasance a gindin dutse gari na wayewa, ku sauko kafin rana ta take. Ruwa ki ɗauki wanda kike ganin ya yi yawa, in ya kai rabi ki juya, ko da kina hango saman dab da ke. Tsohon takalminki mai igiya, wanda ya san ƙafarki, shi za ki sa. Kina hawa ki riƙa waiwayawa kina duban hanyar da kika baro, don wannan fuskar za ta nuna miki a dawowa. Kada ki sa hannu a ramin da idonki bai leƙa ba. Ran hawa ki bar turare a gida, akwai ƙudan zuma a tsagar duwatsun nan, kuma da zafi ba su da haƙuri. Wayarki za ta daina kamawa da zarar kun zagaya bayan dutse, saboda haka kafin ki fita ki gaya wa wani a gida inda kika nufa da lokacin da za ki dawo.

Wancan jikina kaɗai na cuta. Na biyun mutane na cuta. Al'adar Yaya Hamadu ce, duk ranar da za mu hau sai ya tsaya a ƙofar jauro, wato mai garin wannan ƙauye. Ya cire takalmi ya zauna, a yi ta gaisuwa da Fulatanci, a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi shanu da gona, baƙi suna tsaye suna duba agogo. Ni abin yana ƙona mini rai. A shekarata ta huɗu na fara kai baƙi ni kaɗai, sai wata rana da damina na ce yau ba zan ɓata lokaci ba. Na zagaye ƙauyen, na ratsa da mutum uku ta tsakiyar gonar gyaɗa. A bakin gonar wata tsohuwa tana duƙe tana noma. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga kamara. Ta miƙe ta rufe fuska da hannu tana magana. Baƙon ya dube ni, na ce masa ba komai, haka suke, ya ɗauka kawai. Ya ɗauka har sau uku.

Da muka sauko, maza biyu suna zaune a kan hanya suna jiranmu, suka ce jauro yana kira. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hamadu ya kawo ka nan ya ce kai ƙanensa ne, muka karɓa. Ƙanen Hamadu ba ya taka gyaɗar mutane." Tsohuwar tana zaune a gefe. Ta faɗi wata magana da yarensu, jauro ya juya mini: "Ta ce in tambaye ka, ba kai ne mai sabon takalmi ba?" Ita ce, Rahila. Ta gane ni tun daga nesa. Ni da ta ɗauko daga bakin mutuwa ban gane ta ba, don ko sau ɗaya ban koma na nemi gidanta na yi godiya ba. Har ƙarshen daminar nan an hana ni bin hanyar, sai da Yaya Hamadu ya je ya zauna a ƙofar jauro ya ba da haƙuri a madadina.

Daga baya na gane zaman gaisuwar nan da nake raina shi ne rabin aikin. A nan ake gaya maka wace hanya ruwa ya cinye, ina makiyaya suka sauka, wane gefe mafarauta za su sa wuta a ciyawa. A zamanin nan kuwa, a nan za a gaya muku ko an ga baƙin fuska a daji, kin san abin da nake nufi. In abokan aikinki suka ce a wuce, ke ki ce a tsaya. Ki koyi gaisuwar Fulatanci tun makon farko. Ko "jam na" da "useko" kaɗai kika riƙe, wato lafiya da na gode, za ki ga fuska ta sake. Kada ki taka shukar kowa don rage hanya. Ku kuma yaran yanzu kowa da kamara a aljihu, ki tambaya kafin ki ɗauki mutum, in ya kau da kai ki mayar da wayarki.

Cikin gari kuma ban fi haka ba. Da na auri mamanki muka kama ɗaki a unguwar Yelwa. A lokacin na zama mutumin otal. Da safe in wuce in ɗauki baƙi, da yamma in dawo in shige ɗaki. Ina iya zana miki hanyoyin dutse a ƙasa da tsinke, amma ban san sunan mai shayin bakin layinmu ba. Akwai wata mai suyar kifi kusa da ƙofarmu, Dada Asta. Shekara biyu ban gaishe ta ba, wai hayaƙinta yana kama mini riga. Mamanki kuwa kowa nata ne. Takan ce mini, "Maigida, mutanen nan fa su ne namu. Masu kamara gobe sun tafi." In ce ta bar ni, na gaji.

Ranar da za a haife ki, tun hantsi ake sheƙa ruwa. Naƙuda ta kama mamanki da azahar. Babban titi ya zama kogi, masu moto, wato baburan haya, duk sun fake, wanda na samu ya ce ba zai shiga ba. Na tsaya a ƙofar gida ruwa yana dukana, ni mai nuna wa mutane hanya, ban san wata hanyar asibiti ba sai wannan ɗayar. Dada Asta ta fito ta dube ni, ta shiga ta kamo mamanki, ta kira wata maƙwabciya ta riƙe ɗaya hannun. Ta bi da mu ta wani lungu da ban taɓa sanin yana ɓullewa ba. Ta yi sallama a wani gida, muka shiga ta gaba muka fita ta baya, muka bi tudun bayan masallaci inda ruwa ba ya kwanciya, sai ga mu a ƙofar asibitin unguwa. Ba a yi awa guda ba aka haife ki. Washegari na je yi mata godiya, ta ɗago daga kan kaskonta ta ce, "Ashe kana magana."

Saboda haka watanki na farko, kullum in kin taso daga makaranta rana ta yi sanyi, ki ɗauki lungu ɗaya ki bi shi da ƙafa har ƙarshe, gobe ki ɗauki wani. In kika saba da hawa moto daga ƙofa zuwa ƙofa, mai moto ne zai san gari, ke ba ki sani ba. Ki san mai shayi, ki san mai ƙosai, ki zaɓi mai kifi ɗaya ki riƙe ta. Abinci mai daɗi a Garwa ba inda aka kafa babban allo yake ba. Ki duba rumfar da masu moto da ma'aikatan asibiti suke cika da rana, ki zauna nan. Da la'asar wani lokaci ki gangara bakin Binuwai wajen gada, ki ga masu wanki sun shanya kaya a kan yashi, masunta suna dawowa. In an ce ga dorina, ki kalle ta daga tudu, kada wani ya ja ki cikin kwalekwale don hoto. Wata Lahadin bayan sujada ki je kasuwar Pitowa ki sha nono a wajen matan Fulani. Katin shaidarki kada ya rabu da ke, jandarmomi ba sa jin "na manta".

Wuraren nan duk daga bakin mamanki na ji daɗinsu. Ni baƙi kawai nake kaiwa in tsaya gefe ina jira su gama. Abu ɗaya ta roƙe ni a Garwa, in hau da ita Tingilin ta ga kogi daga sama, don tana jin ina ba mutane labari. Na ce bayan damina. Bayan damina na ce baƙi sun yi yawa, ta bari su ragu. Sai zafi, sai ciki, sai goyo, sai muka bar garin. Har Allah ya ɗauke ta a nan Mora ba ta gani ba. Tafiyar safiya ɗaya ce, Rahila. In wani naki ya ce ki kai shi wuri, ki sa rana tun bai rufe baki ba.

Yanzu saura dalilin barinmu Garwa. An gaya muku aiki ne ya fi yawa a duwatsun nan namu. Akwai wannan, amma ba shi ya kore ni ba.

Watan takwas ne, kina 'yar shekara biyu da 'yan watanni. Muka hau da baƙi huɗu, maza uku da mace ɗaya, ni da Yaya Hamadu. Jirginsu zai tashi da la'asar, suka nace sai sun ga dutsen kafin su tafi. Muna sama hadari ya haɗu ta gabas. Hanyar sauka biyu ce. Akwai doguwa mai zagayawa ta ƙauye, akwai gajeriya mai bin wani kwazazzabo ta faɗa mayo, wato rafin yashi da ba ya kawo ruwa sai an yi sama. Motarmu tana ƙetaren mayon. Yaya ya dubi sama ya ce, "Yakubu, mu bi doguwa." Na ce jirgi zai tashi ya bar su. Ya ce, "Jirgi yana dawowa jibi." Sai na juya na yi wa baƙin magana da Faransanci, wanda na fi shi iyawa. Na ce tsufa ne, tsoro ya fara kama shi, ni na san hanya. Suka yi dariya. Ya ji abin da na ce. Faransancinsa bai kai nawa ba, amma ya ji. Ya karɓi jakar matar, don ita ta fi gajiya, ya haɗa da tasa ya bi bayanmu.

Na sa sauri. Shi ya koya mini cewa mai rauni ake sawa a gaba, kowa ya daidaita tafiyarsa da tasa, amma ran nan ban waiwaya ba. Ruwa ya sauko muna tsakiyar kwazazzabo, dutse ya yi santsi kamar an shafa masa sabulu. Na ji matar ta yi ƙara. Ita ce ta zame, ya tare ta, nauyin jaka biyu ya ja shi ya faɗa tsakanin duwatsu. Da na koma na same shi a kishingiɗe, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Muka ɗauke shi zuwa ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, sama da inda ruwa ke bi.

A nan na yi abin da ya fi faɗuwar muni. Babban cikin baƙin ya dubi agogo, ni ma na duba. Na ce wa Yaya, "Bari in kai su mota in turo mutane, yanzu zan dawo." Ya dube ni ruwa yana bin gemunsa, ya ce, "To." Matar ta ce za ta zauna da shi, na ce mata babu bukata. Muka gangara, muka haye mayon ruwa yana kai mana gwiwa. Muna fita ya cika har baki, da mun ƙara jinkiri kaɗan da ya tafi da mu duka. A bakin mota na ce wa kaina ƙauyen yana wancan hayin, mayo ya cika, gara in raka baƙi in samo mutane a gari. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce akwai hanyar zagayawa ta titi zuwa ƙauyen, na san ta. Ina so ne in yi musu ban kwana a filin jirgi, don a nan baƙi suke yin kyauta, a nan suke rubuta sunan mutum su ba 'yan'uwansu masu zuwa.

Rana ta kusa faɗuwa na dawo da mota. Ban same shi inda na bar shi ba. Wani makiyayi ya ji kiransa ya je ya gaya wa jauro, mutanen ƙauye suka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, ta doguwar hanyar nan da ya ce mu bi. Na same shi a zauren jauro an rufe shi da bargo yana rawar sanyi. Ba wanda ya zage ni. Na yi sallama aka amsa, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. An yi ɗori, an kai asibiti, ta haɗe a karkace. Bai sake hawa dutse ba. Sau biyu na je duba shi. Na farko na tarar yana barci, na ji daɗi a raina, na bar gaisuwa na fito. Na biyu ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi mamanki, ya tambaye ki, sannan ya tambaya ko baƙin sun sami jirginsu. Ba da gatse ya tambaya ba, shi ya sa na kasa zama. Na ce zan dawo jibi. Kafin shekara ta zagayo na kwashe ku muka taho Mora. Baƙin da na bar shi dominsu ko takarda ba su aiko ba. Nan ma aikin ya yi 'yan shekaru, sai tashin hankalin 'yan bindigan nan ya zo, baƙi suka ɗauke ƙafa, na koma gonar da na guje wa ina saurayi.

Ki ji ni da kyau a nan. In kin ga duhun hadari a kan dutse kada ki shiga mayo, ko da rana ce a kanki, ko da yashin a bushe yake. A sauka ake faɗuwa, lokacin da ƙafa ta gaji kowa yana tunanin gida, sai ki rage sauri a nan. Wanda ya fi kowa gajiya ki sa shi a gabanki inda idonki yake. In wani ya faɗi, ba a barinsa shi kaɗai, ko mene ne yake jira a ƙasa. Wani ya tafi neman taimako, wani ya zauna, in ba wanda zai zauna ke ki zauna. Kuma ke kin yi karatu, Faransancinki zai fi na duk wanda zai nuna muku hanya a can. Kada ki taɓa ɗaukar harshen da mutum bai iya ba ki rage masa daraja yana tsaye. In kuma kin saɓa wa wani, ki je a makon. Ni na ce sai kunyar ta ragu. Kowace shekara ƙaruwa ta yi.

Shekara biyar da suka wuce wani direba mai lodin Garwa ya tsayar da ni a kasuwa. Ya ce wani tsoho mai sanda a Fulɓere ya ba shi saƙo, in ya ga Yakubu ɗan dutse ya gaishe shi, ya ce masa shi ƙafarsa ɗaya ce, ni nawa biyu. A makon na shiga mota. Na wuce Marwa lafiya. Da muka tsaya a Figil, inda farar ƙurar siminti take kwanciya a kan ganye, na sauka wai zan sha ruwa. Na tsaya a bayan wata rumfa ina jin direba yana kiran fasinja ɗaya da ya rage, har ya gaji ya tafi. Na hau mai komowa. Gwaggonki har yau tana tsammanin na je na gan shi.

Watan jiya na sake tambayar direban, ya ce tsohon yana nan da ransa, kullum yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai dai ya rame. Ga abin da nake roƙonki. Kafin ki hau Tingilin ki je Fulɓere. Kowa ya san gidan Hamadu mai kai baƙi dutse. Ki yafa mayafi, ki riƙe goro da sukari, ki cire takalmi kafin ki hau tabarma. Ki ce masa Bappa, haka 'ya'yan ƙane suke kiran wan ubansu a can, kuma shi ne mutum na farko da ya ɗauke ki bayan an dawo da ke daga asibiti. Ki tambaye shi hanyar dutsen, duk abin da na rubuta miki a nan nasa ne, zai kuma gaya miki wanda na manta. Kada ki ba shi haƙuri a madadina. Wani ya taɓa yi mini wannan, kin ga abin da na saka masa da shi. Wannan kayana ne, ni zan kai.

Abu ɗaya za ki gaya masa, cewa da na shigar da dawa rumbu ina nan tafe. Ki faɗa da bakinki, a gaban iyalinsa, sannan ki kira ni ki ce kin faɗa. In ke kika yi alkawarin, ba zan iya sauka a Figil ba.

Ubangiji ya riƙe ƙafarki a kan santsi, ya yi miki inuwa a zafin Garwa, ya ba ki maƙwabta irin na mamanki, ya hana ki halin da ya ɓata mini shekaru. Ya kai ki duk inda kika nufa, ya dawo da ke lafiya. Gwaggonki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da shugaban makarantarku da mutanen gidan da kika sauka.

Ni ne mahaifinki,
Yakubu